Tankar T-55A ta Tamiya: haɗawa, fenti da ƙura a cikin laimar Legas

Kwalin da zan yi magana a kansa na kamfanin Tamiya ne na ƙasar Japan, lambarsa 35257, tankar yaƙi samfurin T-55A a ma'aunin 1/35. Wato duk santimita 35 a jikin tankar gaske ya dawo santimita ɗaya a hannunka. Ta gasken, daga baya zuwa bakin igwa, ta kai mita 9, don haka idan ka gama za ka samu abu mai tsawon kusan santimita 26. Ba a haɗe take zuwa ba. Gutsattsarin roba ne maƙale a jikin firam, kai za ka yanko su, ka goge, ka manne, ka yi fenti, sannan ka tsufar da ita har ta yi kama da wadda ta sha hanya.

Hukuncina a taƙaice: duk wanda yake zaune a Legas, yake son ya fara wannan aiki, wannan kwalin ya cancanci kuɗinsa. Amma haɗawar ita ce mai sauƙi. Inda za ka ji jiki shi ne fenti, kuma yanayin garin nan ne zai shimfiɗa maka ƙa'ida, ba takardar da ke cikin kwali ba.

Sana'ata gyaran waya ce a Computer Village da ke Ikeja, ina kuma zaune a Agege. Na faɗi haka ne domin rabin kayan aikin da ake bukata suna kan teburina tun da can: hantsaki mai siririn baki, ƙaramar filaya mai yankan waya, gilashin ƙara girma mai fitila, da sinadarin alkohol da muke wanke allon waya da shi. Wanda ba shi da su, duk ana samunsu a kasuwar a farashi mai sauƙi. Sai reza, da sanfefa mai laushi, da irin katakon goge farce da mata ke saye a Balogun, wanda ya fi sanfefar kafinta dacewa da roba nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na zaɓi T-55 ban ɗauki tankokin Jamus na yaƙin duniya na biyu ba, waɗanda su ne suka cika intanet, shi ne ita tamu ce. Tarayyar Sobiyet ta fara amfani da ita a 1958, samfurin T-55A mai kariya daga tururin nukiliya ya biyo baya a farkon shekarun 1960, kuma idan aka haɗa ta da yayarta T-54, babu tankar da aka ƙera da yawa kamarsu a tarihi, ana ƙiyasta kusan 100,000. Nauyinta tan 36, igwarta milimita 100, mutum huɗu ke aiki a cikinta. Sojojin Najeriya suna da ita tare da Vickers ta Ingila, kafin T-72 da VT-4 ta ƙasar Sin su zo daga baya. Duk wanda ya bi labaran Arewa maso Gabas ya ga hotonta ko da bai san sunanta ba. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: tayoyi biyar a kowane gefe, da tazara mai faɗi tsakanin ta farko da ta biyu, da kai mai kama da ƙwarya a kife.

Shi kuwa Tamiya kamfani ne na birnin Shizuoka wanda ya fara da sana'ar katako a 1946. Ma'aunin 1/35 ɗin nan da duk duniya ke bi yanzu daga wurinsu ya fito, lokacin da suka yi tankar Panther a farkon shekarun 1960 suka auna girmanta yadda batura biyu za su shiga cikinta. Wannan T-55A ta fito a 2002, saboda haka ba sabuwa ba ce. Akwai waɗanda suka biyo bayanta, kamar na kamfanin MiniArt na Yukren, da suke zuwa da inji da kujeru da duk kayan ciki, gutsattsari sama da dubu. Na ga hotunansu, suna da kyau ƙwarai. Amma ba zan ba wa mai farawa shawarar su ba, musamman wanda sai dare yake samun lokaci, wuta kuma ba kullum ba.

Samun kwalin shi ne ƙalubale na farko. Ta intanet na saya, kuɗin kawowa ya kusa kamo kuɗin kayan. Kwalin ba shi da nauyi, ana iya ba wa ɗan'uwa mai dawowa daga Dubai ko Landan ya riƙo. Matsalar tana wurin gam da fenti, domin suna kama wuta, yawancin masu ɗaukar kaya ta jirgin sama ba sa karɓarsu. Nawa sai da wani abokina mai shigo da kayan waya ya sako mini su a kayan da ke biyo jirgin ruwa. Wanda zai saya, ya fara neman hanyar gam da fenti kafin ya biya kuɗin tanka, in ba haka ba kwali zai iso ya zauna a kan durowa yana kallonsa.

Haɗawa kuwa, a nan ne Tamiya suka ci sunansu. Takardar bayani galibi zane ce mai lambobi, ko Turancinka bai yi nisa ba za ka bi ta. Ƙasan tankar guda ɗaya ne kamar kwale-kwale, ba sai ka haɗa bango huɗu kana fama da karkata ba. Hannuwan da ke riƙe tayoyi kowanne yana da maƙalinsa, ba ya shiga sai ta hanyar da ta dace. A cikin tayoyin akwai wata 'yar roba mai taushi da ke sa su shiga su fita ba tare da gam ba, wannan kuma babbar rahama ce lokacin fenti, domin za ka cire su ka yi musu aiki daban. Saman ya zauna a kan ƙasan ba tare da giɓi ba. Kan tankar ma an yi masa gurje-gurjen nan na ƙarfen zubi, ba sumul ba, kuma layukan walda sun fito. An sako raga ta rufe bakin iskar inji, da zare na yin igiyar ja, da gungumen icen da ake ɗaurewa a baya domin fitar da tanka idan ta kafe a taɓo, da duro biyu na mai. Akwai zaɓin ɗora babbar bindigar DShK mai milimita 12.7 a sama, ni na ɗora.

Gam ɗin da na yi amfani da shi Tamiya Extra Thin ne, mai koren murfi. Ba shafa shi ake yi a manna ba. Haɗa gutsattsarin biyu ake yi a bushe, a taɓa bakin buroshi a layin da suka haɗu, sai ya bi layin da kansa ya narkar da robar ta zama ɗaya. Sufa gulu da ake sayarwa a shago ba ya wannan aikin: yana barin farin tabo, kuma idan abu ya karkace ba ya jiranka ka gyara. Ka ajiye shi domin waya da ƙarfe kawai.

Akwai wurare uku da kwalin ya bar wa mai haɗawa aiki. Igwar ɓari biyu ce, dole layi ya fito a tsawonta, sai ka bi da sanfefa a hankali kana juya ta don kada ta rasa zagayenta. Na biyu, tankunan mai guda uku da ke kan madigadin dama ba a yi musu bututun da ke haɗa su ba, alhali a tankar gaske bututun nan a fili suke. Na yi nawa da jan waya da na zaro daga tsohuwar caja, na lanƙwasa da hantsaki, ina duba hotuna. Aiki ne na yamma ɗaya, amma ya canja fuskar gefen gaba ɗaya.

Na ukun shi ne sarƙa, wadda ke kewaye tayoyi tankar ke tafiya a kanta, kuma a nan zan daɗe. Sarƙar da ke cikin kwalin roba ce mai taushi, guda ɗaya a kowane gefe. Tana kama gam, tana kama fenti, zanenta ma ba laifi. Amma T-55 ba ta da ƙananan tayoyin sama masu tallafe sarƙa, don haka sarƙar gaske, saboda nauyinta, saukowa take yi ta kwanta a kan manyan tayoyin. Ta roba kuwa miƙewa take yi sambal a sama. Ni da farko ban ɗauki abin da muhimmanci sosai ba sai da wani dattijo a layinmu, tsohon soja da ya yi aiki da rundunar tankoki a Bauchi, ya shigo karɓar wayarsa ya gan ta a kan tebur. Ya ɗauka ya juya ta, ya ce, "Ɗana, wannan sarƙar taka ba ta da nauyi. Tamu kwanciya take yi." Na ce, "Baba, to yaya zan yi da ita?" Ya ce shi dai tuƙi ya sani, dabarar roba kuma tawa ce. Abin da na yi shi ne na ɗiga gam a saman tayoyin tsakiya, na danna sarƙar, na cusa dunƙulen takarda tsakaninta da madigadi har ya bushe. Ta kwanta. Akwai masu sayar da sarƙar ƙarfe ɗaiɗai da ake haɗawa da fil, ita takan kwanta da kanta, amma kuɗinta kan kai na tankar ko ya fi, kuma a ganina ba dole ba ne.

A cikin kwalin akwai mutum-mutumin kwamanda. Ni na bar shi a ciki, na rufe ƙofofin sama, saboda ba na ajiye siffar mutum a ɗaki. Tankar ba ta rasa komai ba. Sitikun da aka sako na sojojin Sobiyet da Foland da Cekoslobakiya ne, babu na Najeriya, don haka ban manna ko ɗaya ba.

Yanzu fenti. Wanda bai taɓa zama a Legas ba ba zai gane abin da laima ke yi wa wannan aiki ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba iskar garin nan cike take da ruwa, a watan Yuni kuwa ko riga ka shanya sai ta kwana. Ƙaramin kwamfuresa, irin wanda masu kek da masu kwalliya ke amfani da shi, yana matse wannan iskar sai ruwa ya taru a tiyo, kana cikin feshi ya tofo ɗigo a jikin fenti ya ɓata wurin. Maganinsa a saka 'yar kwalbar nan mai tare ruwa a gindin bindigar feshi, a riƙa zubar da shi akai-akai. Fentin gwangwani kuma idan aka fesa shi ana cikin hadari yakan yi fari-fari kamar hazo. Lokacin da ya fi mini kyau shi ne tsakiyar rana a ranar da rana ta fito sosai. Da hunturu, a Disamba da Janairu, iska ta bushe, fenti na kamawa da wuri, sai dai ƙura ce ke sauka a kansa tun yana ɗanye. Ina kife babbar robar abinci a kan tankar da zarar na ajiye bindiga.

Na wanke robar da ruwan sabulu tukuna, domin maiƙon hannu na hana fenti zama. Na shimfiɗa baƙi, mai lamba XF-1 a fentin Tamiya, a ko'ina, har lungu-lungu, sannan na bi da kore mai duhu, XF-61, siriri-siriri, ina barin baƙin ya ɗan leƙo a ƙarƙashi da kusurwoyi. A saman kai da saman inji, inda rana ke duka, na ƙara ɗigon XF-57 mai launin yashi a cikin koren ya yi haske, domin ranar Arewa kodar da fenti take yi. Fentin Tamiya yana sirkuwa da tinarsu X-20A. Idan ta ƙare, alkohol ɗin da muke wanke allon waya yana yi, sai dai yana bushewa da sauri, wani lokaci tun kafin ya isa jikin roba, sai fentin ya yi gari-gari. Matso da bindigar kusa, ka rage iska.

Gargaɗi ɗaya da zan yi da babbar murya: tinar masu fentin mota da fetur suna narkar da wannan robar. Tinar mota tana da amfani wajen wanke bindigar feshi, amma kada buroshin da ya sha ta ya kusanci tanka. Kananzir ba ya narkarwa nan take, amma maiƙo gare shi, ba ya bushewa da kyau. Ka kuma buɗe taga ka saka takunkumi, musamman idan ɗaki ɗaya kuke kwana da yara.

Tsufarwa ita ce dalilin da ya sa nake wannan aiki baki ɗaya, kuma a nan ne nake da sabani da yawancin bidiyon da ke YouTube. Masu yin su Turawa ne, tankokinsu na Turai ne, don haka za ka ga tsatsa ta ko'ina, da baƙin taɓo, da zubin ruwan sama a jiki. Yana da kyau a hoto, amma ba haka tankar da ke aiki a Borno take ba. Can ƙura ce ke mulki, fara-fara mai launin yashi, tana shiga kowane lungu, tana rufe koren har sai ka matso za ka san launin asali. Tankar da ake hawa kullum kuma ba ta cika tsatsa ba sai a salansa da igiyar ja da sarƙar ajiya. Dattijon nan ya ƙara mini da cewa in dubi inda mutum ke taka ƙafa da inda yake dafa hannu: gaban direba a hagu, bakin ƙofofin sama, da kan madigadi. Nan ne fenti ke gogewa har ƙarfe ya yi sheƙi. Sauran jiki ƙura ce kawai.

Da wannan na yi aiki. Na fesa X-22 mai sheƙi domin ya kare koren, na bar shi ya bushe sarai. Na sayi fentin mai na masu zane a shagunan Yaba, kusa da Yabatech, ruwan ƙasa mai duhu da baƙi da fari da ruwan ɗorawa. Irin wannan fentin yana da jinkirin bushewa, a Legas kuwa jinkirin ninkuwa yake, don haka nakan matsa shi a kan kwali tukuna ya tsotse man. Na tsinka mai duhun da farin tina irin na masu zane har ya zama ruwa, na riƙa taɓa shi a gindin kusoshi da layukan walda, yana bi da kansa yana fito da su. Kada a yi ambaliya da shi, domin tina mai yawa tana raunana wuraren da aka manna. Gogewar fenti kuwa da soso na yi ta: ɗan guntu a bakin hantsaki, a tsoma a ruwan ƙasa mai duhu, a goge a takarda har ya kusa bushewa, sannan a ɗan taɓa gefuna. Kaɗan ya isa. Bayan haka na goga bakin fensir a gefen ƙofofi da haƙoran tayar da ke jan sarƙa, sai ga sheƙin ƙarfe.

Ƙurar ta fi komai cin lokaci, ita ce kuma ta fi ba ni daɗi. Na fara da fesa XF-57 da aka tsinka sosai a ƙasan jiki da tayoyi, yana raguwa yayin da nake hawa sama. Sannan na kankare allin zane mai launin yashi da reza ya zama gari, na zuba shi da busasshen buroshi a inda ƙura ke taruwa da gaske: bayan kai, tsakanin tankunan mai, cikin ramukan tayoyi, ƙarƙashin igiyar ja. Ɗigon tina yana zaunar da shi. A sarƙa da ƙasan madigadi na yi amfani da ƙasar gaske. Jar ƙasar da ke wajejen nan ta Legas da Ogun ta yi ja da yawa, za ta sa tankar ta zama ta Kudu, don haka na roƙi wani direban tirela mai kawo kaya Mile 12 ya ɗebo mini yashi a leda daga hanyar Maiduguri. Na tankaɗe shi da rariyar shayi, na soya shi a tsohon kasko domin ya bushe ya kuma kashe duk abin da ke ciki, na kwaɓa da farin gam na Top Bond da ruwa kaɗan. Launin da ya bayar babu kwalbar da za ta ba ni shi.

Salansar T-55 tana gefen hagu, a kan madigadi wajen baya, kuma injin dizal ne mai silinda 12, don haka wurin baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Garin baƙin alli ya yi wannan. A bakin tankunan mai da duro na ɗiga baƙin fentin mai haɗe da ɗan mai sheƙi, domin man da ya zube a kan ƙura duhu yake yi ya jiƙe, ba ya gangarowa kamar ruwa. Gungumen baya na kankare shi da reza a tsaye kafin fenti saboda robar ta yi sumul da yawa. Daga ƙarshe na rufe komai da XF-86 marar sheƙi, siriri ƙwarai, domin idan ya yi kauri yana cinye rabin ƙurar da ka sha wahalar zubawa.

Mutane da yawa da suka gan ta a shago sun tambaye ni ko ta yara ce, wasu ma sun taya. Ba ta yara ba ce. Fitilu da maƙalai da bindigar sama duk suna karyewa da taɓawa ɗaya, ga reza da sinadarai a wurin aikin. Amma matashin da ya kai sakandare, mai haƙuri, idan babba na kusa da shi, zai iya haɗa wannan kwalin, kuma zai koyi karanta zane da sarrafa hannu, abubuwan da nake nema ga duk yaron da aka kawo mini koyon gyaran waya.

Wurin ajiya ma a yi tunaninsa tun da wuri. Tankar da aka yi wa ƙurar alli ba a goge ta da tsumma, ƙurar gida kuma idan ta sauka a kai ta haɗu da laima, mannewa take yi. Na kai wa masu aikin gilashi da alminiyom a nan Agege awo, tsawo santimita 35, faɗi 20, tsayi 18, suka yanka mini akwati mai gindin katako. Na jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabuwar waya a ciki, ina canja su idan damina ta yi nisa.